Gota, Allura da Kati: Yadda Mazauna Kawukudi, Nima da Maamobi Ke Auna Kimiyya da Hukuma

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda mazauna zangunan Kawukudi, Nima da Maamobi na birnin Akra ke karɓar abin da ake kawo musu da sunan kimiyya, fasaha da kiwon lafiya, da kuma wuraren da suke ja da baya. An bi al'amura huɗu da suka faru a idon kowa: annobar kwalara ta 2014, zuwan korona da allurarta a 2020 da 2021, dambarwar katin inshorar lafiya da katin ɗan ƙasa, sai shigar kuɗin waya cikin cinikin yau da kullum. Matsayar maƙalar ita ce, mutumin zango ba ya jinkirin karɓar ilimin da ya ga amfaninsa, amma idan ilimin ya zo ta hannun hukuma, yakan auna shi da abin da hukumar ta yi masa a baya. Don haka maganar yarda da kimiyya a waɗannan unguwanni tana da tushe a siyasa, kuma wayar da kai kaɗai ba zai warware ta ba.

Gabatarwa



Duk lokacin da wani shirin lafiya ya gaza karɓuwa a zango, bayanin da ya fi saurin fitowa daga bakin jami'ai shi ne jahilci ko addini. Wannan bayani yana da sauƙin faɗa, kuma yana sauke wa mai faɗarsa nauyi, domin ya mai da laifin duka kan wanda aka je wa. Ni ban gamsu da shi ba, kuma dalilan rashin gamsuwar tawa su ne abin da na kawo gabanku. Kayan aikina biyu ne: abubuwan da suka faru a fili waɗanda kowa zai iya bincikawa, da kuma irin maganganun da ake yi a bakin masallaci, a teburin mai shayi, da majalisun matasa da ake kira bes.

Wurin da ake magana a kansa

Wanda ya tsaya a mahaɗar Kawukudi yana tsakiyar abubuwan da wannan maƙala ta ƙunsa. Ga babban Masallacin Ƙasa da Turkawa suka taimaka aka gina, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2021. Ga Asibitin Soja na 37 da ya fara aiki tun 1941. Fadar shugaban ƙasa, Jubilee House, ba ta da nisa. Idan kuma aka juya aka shiga lunguna, ga Nima da Maamobi, da babbar gota, wato magudanar ruwa, da ta ratsa tsakaninsu. Tafiyar ƙafa ce ke raba fadar mulki da bakin wannan gota, kuma mutanen unguwa sun san haka sarai.

Nima ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika ta da jama'a, domin sansanonin soja na kusa sun jawo masu neman aiki, bayan yaƙi kuma tsofaffin sojoji da dama suka yi zamansu. Gidaje sun riga tsari zuwa: an yi gini kafin a ja hanya, kafin a shimfiɗa bututun ruwa, kafin a yi tunanin inda ƙazanta za ta bi. Yau Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Mosi, Wangarawa, Yarbawa da 'yan kudancin Gana duk suna nan, Musulmi da Kirista, Hausa ce kuma harshen kasuwa da na lungu. Wannan na da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, saboda saƙon muryar da aka ɗauka a Kano ko Maraɗi yana isa Nima ba tare da tafinta ba, alhali sanarwar Ma'aikatar Lafiya takan fito ne da Turanci ko Twi tukuna.

Gota da kwalara

Kwalarar da ta ɓarke a tsakiyar 2014 ta kama mutum sama da 28,000 a faɗin Gana, ta kashe fiye da 240, kuma yankin Akra ne ya ɗauki kaso mafi yawa. Saƙon da aka yi ta yaɗawa a lokacin daidai ne: a wanke hannu da sabulu, a sha ruwa mai tsabta, a ci abinci da zafinsa, a daina bahaya a fili, wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari kafin a kai shi asibiti. Tambayar ita ce, a wane irin gida ake son a aiwatar da wannan saƙo?

Mu shiga gidan haya irin na Maamobi. Tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyalinsa. A gidaje da yawa babu banɗaki, wani wurin ma akwai shi a da, mai gida ya mai da shi ɗakin haya saboda tsadar muhalli. Sai a dogara da banɗakin gwamnati ko na 'yan kasuwa, inda ake biya a kowace shiga, kuma da asuba layi ne. Uwa mai yara huɗu ta lissafa abin da za ta kashe a rana idan kowa ya shiga sau biyu. Da tsakar dare kuma, yaro mai gudawa ba ya jiran a buɗe ƙofa a ratsa lungu. Nan ne leda ke shigowa, daga leda kuma sai gota. Ta cikin gotar nan ko gefenta ƙananan bututun ruwa ke bi zuwa gidaje. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, kuma idan aka ɗauke shi, bututun da ya tsage yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, ranar da ruwa ya dawo ya tura shi cikin randa. Ƙwayar kwalara ba ta buƙatar wata hanya da ta wuce wannan.

Matar da ke zaune a gidan nan ta san cewa ruwa na kawo ciwo. Shaidar saninta ita ce jakar piya wata da take saye domin sha, ta bar na famfo ga wanki da wanka, duk da cewa kuɗin daga bakin cefane take cire shi. Wannan aiki da ilimi ne gwargwadon ƙarfin aljihu. Idan jami'i ya zo da lasifika yana ce mata ta kula da tsabta, abin da take ji shi ne wanda bai gina mata banɗaki ba yana zarginta da ƙazanta.

Akwai wani wuri kuma da nake ganin masu aikin lafiya sun bari ya wuce su. Kusan duk wanda ya yi makarantar allo da ta littattafai a zango ya karanta babin tsarki a Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya kuma koyi cewa ruwan da za a yi tsarki da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram a muhallinsa. To amma ruwa yana iya cika waɗannan sharuɗɗa uku, ya fito garau, alhali yana ɗauke da ƙwayar da za ta kwantar da gida guda. Jama'ar da ke wanke hannu da fuska da ƙafa sau biyar a yini ba sa buƙatar a koya musu son ruwa. Abin da ya rage a bayyana shi ne bambancin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi da ruwan da ya dace a sha, da kuma dalilin da ya sa buta ba ta wadatar bayan an fito banɗaki sai da sabulu. Malamin da ke karantar da babin tsarki bayan magariba shi ya fi kowa dacewa ya yi wannan bayani, da an zauna da shi an nuna masa ƙwayar a madubin ɗakin gwaji. Cibiyar Noguchi da ke Legon, wadda aka kafa a 1979, ba ta da nisa da Kawukudi. Zan so in ga ranar da za a kai limaman unguwa can su duba da idonsu.

Ba zan wanke mu gaba ɗaya ba. Kowa ya san abin da ke faruwa da zarar hadari ya haɗo: a fito da bola a juye a gota domin ruwa ya tafi da ita, don a tsira da kuɗin da za a ba mai aboboya da ke kwasar shara. Ruwan yana tafiya da ita, amma ba ya ɓacewa da ita. Gotar Nima tana zuba cikin kogin Odaw ne a wajen shataletalen Circle, daga nan zuwa tafkin Korle. Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai na Circle, mutum sama da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai na cikin abin da ya ta'azzara ambaliyar. Talauci yana bayyana dalilin wannan ɗabi'a, amma ba ya halatta ta, kuma ya kamata a ji haka daga kan mumbari.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. An ƙaddamar da ranar tsabtace ƙasa, Asabar ta farkon kowane wata, a Nuwamban 2014. Shirin tsabta da ruwa na yankin Akra da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 150 ya taimaka wa gidaje gina banɗaki a farashi mai rangwame. A 2017 Shugaba Nana Akufo-Addo ya kafa ma'aikata ta musamman domin tsabta da ruwa, ya yi alkawarin mai da Akra birni mafi tsabta a Afirka. A 2019 aka amince da shirin GARID na dala miliyan 200 domin magudanan Odaw, Nima tana cikin unguwannin da aka ware. An yi aiki a wasu sassa, ba a musu. Sai dai a ƙarshen 2024 kwalara ta sake dawowa kudancin ƙasar, ta fara daga wajen Ada. Mutumin unguwa ba ya karanta rahoton shiri. Hancinsa da ƙafarsa su ke gaya masa ko an yi aiki, kuma da wannan ma'aunin yake sauraren duk wani saƙo da zai biyo baya.

Bokiti da allura

An tabbatar da korona a Gana ranar 12 ga Maris 2020. Kwana uku bayan haka aka hana taruka, har da sallar jam'i da Juma'a. Wanda ke ganin addini ne shingen kimiyya a zango sai ya tsaya a nan ya duba: Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayan matakin, aka rufe masallatai, aka yi azumin shekarar ba tarawihi cikin jam'i, aka yi ƙaramar salla ba filin idi. Da aka sake buɗewa a farkon Yuni, da sharaɗin kada a wuce mutum 100 ko awa ɗaya, jama'a sun zo da dardumarsu. Abu mafi nauyi da aka nema daga Musulmin zango shi ne wannan, kuma sun bayar, domin umarnin ya biyo ta bakin wanda suka yarda da shi.

Dokar kulle da ta fara ranar 30 ga Maris ta fi wuya, kuma mako uku kawai ta yi. A jawabin da ya sanar da ita, shugaban ƙasa ya lissafa dalilan da za su sa a bar mutum ya fita, cikinsu har da zuwa banɗakin jama'a. Wannan layi ɗaya ya isa ya nuna cewa gwamnati ta san irin gidajen da take cewa a zauna a ciki. Mai shayi, mai koko da ƙosai, ɗan kamasho, kayayo da ke dako a kasuwar Nima, duk abin da suka samu a yini shi suke ci da dare. Fitowar da suka yi yunwa ce ta kore su, ko da wasu sun fassara ta da taurin kai.

Ku dubi kuma abin da ya karɓu ba tare da gardama ba. Bokiti ne mai murfi, an huda ƙasansa an sa kan famfo, an ɗora shi kan ɗan teburi, ga roba a ƙasa tana tarar ruwan da aka yi amfani da shi, ga sabulu a gefe. Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya 'yar Gana, ita ta ƙirƙiro shi shekaru da dama kafin korona, sunanta kuma yake ɗauke da shi. Cikin 'yan makonni ya bayyana a ƙofar masallatai, shaguna da makarantu. Hikimarsa ita ce kowa yana wanke hannu da ruwa mai gudana maimakon a tsoma hannu cikin kwano guda. Babu wanda ya yaɗa jita-jita a kansa, saboda ana ganin yadda yake aiki, mai walda na unguwa yana iya haɗa ƙafarsa, kuma ya dace da abin da mutane suka saba yi a ƙofar masallaci.

Allura ba ta sami wannan sauƙi ba. Gana ce ƙasa ta farko da ta karɓi allurar shirin COVAX, guda 600,000 na AstraZeneca, ranar 24 ga Fabrairu 2021. Ranar 1 ga Maris aka yi wa shugaban ƙasa tasa a Asibitin 37, nan kusa da Kawukudi, manyan mutane kuma suka bi sahu a bainar jama'a. Duk da haka saƙonnin murya sun yi ta yawo a WhatsApp cewa allurar tana hana haihuwa, ko kuma gwaji ake yi da baƙar fata. Maganar hana haihuwa ba ta da tushe, kuma wajibi ne a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Amma tsoron gwaji yana da tarihin da ya tsaya a kai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani bincike da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan rauni na cikin abin da ya ciyar da ƙauracewa allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wanda ya sa cutar ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Afrilun 2020 kuma wasu likitoci biyu a gidan talabijin na Faransa suka kawo shawarar a yi gwaji a Afirka, har shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito ya yi tir. Mutumin Nima yana da dangi a Kano, kuma wayarsa ta nuna masa hoton likitocin nan.

Kada kuma a ɗauka shakkar ta Musulmi ce kaɗai. A 2015 an dakatar da gwajin allurar Ebola da aka shirya yi a Hohoe ta yankin Volta bayan hayaniyar jama'a da ta majalisar dokoki, kuma ba zango ne ya ja wannan gaba ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ranar awo. Uwar da ta yi ɗari-ɗari da allurar korona ita ce dai ke goya jaririnta ta kai shi awo, a ɗora shi a sikeli, a ɗiga masa maganin shan inna, a yi masa allurar ƙyanda, a rubuta a littafinsa. Ta san ma'aikaciyar jinyar da fuska, wataƙila ita ta duba ta lokacin goyon ciki, ta kuma ji daga bakin tsofaffi yadda ƙyanda ke kwashe yara a da. Mace ɗaya ce, addininta bai sauya ba tsakanin allurar farko da ta biyu. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya riƙe sirinjin, da tsawon lokacin da aka san shi.

Kati

Kafin 2003, tsarin asibitocin Gana shi ne biya kafin a duba ka. Dokar inshorar lafiya ta zamanin Shugaba John Kufuor ta sauya wannan, a 2008 kuma aka ƙara kula da masu ciki kyauta. Mutanen zango sun karɓi katin hannu biyu. Daga Disamban 2018 aka fara sabunta shi ta waya, a danna *929# a biya da kuɗin waya, wanda bai iya ba ya miƙa wa yaron da ke rumfar momo, wato kuɗin waya, ya yi masa cikin minti kaɗan. Wannan ya kashe layin da ake kwana ana bi. Kukan da ya rage shi ne a je da kati a ce maganin babu, a rubuta takarda a saya a waje, abin da ke da alaƙa da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu.

Sai katin lafiya ya faɗa cikin siyasa. A ƙarar da Abu Ramadan ya shigar, Kotun Ƙoli ta yanke a 2014 cewa katin inshora ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ne, tunda baƙo ma yana iya mallakarsa. A 2016 ta umarci Hukumar Zaɓe ta cire waɗanda suka yi rajista da shi, aka cire sunaye sama da 56,000, aka ba su damar sake rajista. A 2020, da aka buɗe sabuwar rajista, hujjar da aka karɓa ita ce katin ɗan ƙasa, ko fasfo, ko mutum biyu masu tsaya wa mutum, kotu kuma ta ce takardar haihuwa ba ta wadatar ba. Ta fuskar doka ana iya kare kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce. Ta fuskar zango kuwa, kowannensu ya taɓa tsohon miki.

Mikin shi ne dokar korar baƙi ta 18 ga Nuwamba 1969, lokacin Firayim Minista Kofi Busia, wadda ta ba marasa takardar zama mako biyu su fice. Dubun dubatar mutane suka tafi, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba. An sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Tsofaffin Nima da suka ga wannan da idonsu sun ba jikokinsu labari. Saboda haka idan aka kafa tebur da kwamfuta ana ɗaukar hoton yatsu da na ido, ana tambayar garin kakanka, matashin da sunansa Abdullahi ko Fusaini yana shiga layin ne da wani nauyi a ƙirji wanda Kwame ba ya ɗauke da shi. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba da ɗan-ƙasanci ga wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan ƙasa ne, amma koke-koken cewa ana tsananta tambaya ga mai sunan Musulmi a wajen neman fasfo da kati sun daɗe ana yin su a fili.

Na'urar ba ta san ƙabila ba, amma mutum ne ke zaune a bayanta. Kuma yanzu kusan komai ya rataya a kan katin nan: lambar haraji, asusun banki tun 2022, da layin waya, wanda aka fara sake rajistarsa a Oktoban 2021, aka kuma rufe na waɗanda ba su yi ba a 2023. Wanda aka hana kati a yau an taɓa masa waya, an taɓa kuɗin da ke cikinta, an taɓa hanyar sabunta inshorarsa. Haɗa komai wuri guda yana rage wahala ga mai kati, yana kuma ninka ta ga wanda aka bari a waje. Duk wanda ke tsara irin wannan aiki ya kamata ya fara tambayar kansa wace ƙofa ya bar wa wanda jami'i ya yi wa kuskure ko son rai.

Kuɗin waya

A nan ba sai na daɗe ba. MTN ta kawo kuɗin waya a 2009, a 2018 aka haɗa kamfanoni ta yadda za a iya turawa daga wannan layi zuwa wancan. Babu wanda ya yi gangamin wayar da kai a Nima kafin mai waake da mai sayar da atamfa su rataya lambarsu a gaban shago. Gudummawar suna, ta biki da ta rasuwa, kuɗin adashi, saƙon ɗa daga Jamus ko Amurka, duk ta nan suke bi. Da gwamnati ta ɗora harajin kashi 1.5 cikin ɗari a Mayun 2022, nan take mutane suka koma lissafi, wasu suka koma riƙe tsabar kuɗi. An rage shi zuwa kashi 1 a 2023, Shugaba John Mahama ya soke shi a Afrilun 2025 bayan ya yi alkawarin haka a yaƙin zaɓe. Jama'ar da ake cewa ba su fahimci fasaha ba sun fahimci wannan haraji har zuwa kan pesewa. Inda suke da rauni shi ne 'yan damfara masu kira su ce an yi kuskuren turo kuɗi, kuma tsofaffi da mata marasa karatun boko su suka fi faɗawa. Gargaɗi da murya, cikin Hausa, zai fi saƙon rubutu na Turanci amfani.

Kemis, malam da asibiti

Marar lafiya a zango ba ya zaɓar hanya ɗaya. Yakan fara da mai kemis na lungu, a haɗa da rubutu da addu'a, a dafa darbejiya, idan abu ya ƙi a nufi asibitin Maamobi ko 37. Tsarin ba na ƙin asibiti ba ne, na kuɗi da lokaci ne: mai kemis yana buɗe har dare, yana jin Hausa, yana ba da bashi. Gana ma a hukumance ba ta ɗauki maganin gargajiya abokin gaba ba, tunda tana da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, da dokar masu maganin gargajiya ta 2000. Haɗarin da nake gani yana wuri biyu. Na farko, sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ƙwaya biyu ko uku ba tare da takardar likita ba, wanda ke koya wa ƙwayoyin jure magani. Na biyu, jinkiri a cututtukan da ba sa ihu, hawan jini da ciwon sukari, inda mutum ke shan jiƙo har ƙoda ta taɓu. Mai kemis shi ne ma'aikacin lafiya na farko da yawancinmu ke gani, don haka horar da shi da sa masa ido sun fi yi masa barazana amfani.

Wa ke da alhakin gota?

Mazaɓun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa sun daɗe a hannun jam'iyyar NDC, kuma tarihin 1969 na cikin dalilan, tunda NPP tana danganta kanta da gidan siyasar Busia. NPP ta yi ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka: ta kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017, da Asusun Raya Zango a ƙarƙashin doka ta 964, ta kuma tsayar da Mahamudu Bawumia takarar shugaban ƙasa a 2024. An ga filayen ƙwallo, ajujuwa, fitilun titi da horon sana'a. An rushe ma'aikatar a 2021, asusun ya ci gaba. Abin da ke damuna shi ne halin da mazaɓar da aka san inda ƙuri'arta za ta faɗa ke shiga: mai ita ba ya tsoron rasa ta, wanda ba shi da ita ba ya sa ran samu. A irin wannan hali buhun shinkafa da sukarin azumi da kujerar Hajji sukan maye gurbin aikin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda ba a yanka masa kirtani a gaban kyamara.

Tun 2018 kuma Nima da Maamobi suna ƙarƙashin majalisun gari biyu daban, gotar tana tsakaninsu. Manyan magudanai aikin hukumar kula da magudanan ruwa ne ta ƙasa, kwashe shara na majalisar gari da 'yan kwangila, bututu na kamfanin ruwa, marar lafiya kuma na Hukumar Lafiya. Mazaunin bakin gota bai san ƙofar da zai buga ba, sai ya kai kukansa wurin asambiliman, wakilin unguwa a majalisar gari, wanda shi ne mafi kusa kuma mafi ƙarancin kuɗi a cikinsu duka.

Ga abin da nake ganin za a iya farawa da shi ba tare da jiran Bankin Duniya ba. Cibiyoyin lafiya suna tattara alƙaluman gudawa, zazzaɓin cizon sauro da hawan jini kowane wata, suna aikawa sama. A dawo da su ƙasa. Jami'in lafiya na kowace majalisa ya fitar da na unguwa-unguwa, a fassara su da Hausa, a karanta bayan sallar Juma'a da a coci ranar Lahadi, a tura su da murya a wayoyin da jita-jita ke bi. Sarakunan zango, magajiyoyi da shugabannin bes su zauna da majalisun biyu a teburi guda sau ɗaya kafin damina, a rubuta wane sashe na gota ke wuyan wa, da ranar da za a yashe shi. Idan lokacin zaɓen majalisar gari ko na dokoki ya zo, a ajiye wa kowane ɗan takara wannan takarda da waɗancan alƙaluma, a tambaye shi gidaje nawa ne a mazaɓarsa ba su da banɗaki, da nawa zai rage kafin wa'adinsa ya cika.